Kwano Mai Jan Zare

Tanut, farkon kaka

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan gajiyar hanya ta sake ki, ruwan garin kuma ya karɓe ki. Allah ya tsare ki a ɗaki da aji da kan hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa yaran da aka ba ki su yi albarka a hannunki. Mamanki tana gaishe ki. Iya, kakarki, ta ce a gaida takwararta, a kuma tambaye ta ko a can ma sai rana ta fito take tashi. Mu nan lafiya lau muke.

Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wannan kam waya ta ishe shi, duk ranar da rezo, wato layin waya, ya ga damar zuwa garinku. Magana ce kika yi mini a mota ban ba ki amsa ba, kuma tun da kika tafi take cina.

Kin tuna ranar da muka je Damagaram wajen likitanki, kafin ki kama aiki. Ya duba ki, ya yi miki tambayoyinsa, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam Lawali, bar ta ta tafi aikinta. Damina huɗu ke nan ba ta faɗi ba. Ta ci gaba da shan maganinta yadda take sha, in an yi hutu ta zo in gan ta." Ke kika nufi farmasi, ni kuwa na fita na zauna a gindin dogon yaro a harabar asibitin. Ban san nauyin abin da na yi shekaru ina ɗauke da shi ba sai da aka sauke mini. Har yanzu in na tashi da asuba nakan ji ƙirjina wasai, in yi mamaki, sannan in tuna dalili.

A hanyar dawowa, mun wuce Bakin Birji, kika ce da ni a hankali don kada na kusa su ji: "Baba, can ƙasar Tarka ba wanda ya san ni. Ina so in zama Malama Habsu kawai. Ba na son a sake cewa ga mai farfaɗiya nan." Na ce, "To." Kika ce, "To ɗin nan naka na san shi, ba yarda ba ne." Muka yi dariya, maganar ta tsaya nan.

Aikin jarida da na yi, tun daga Yamai har na dawo gidan rediyon nan na yi ritaya, ya koya mini in raba abin da na gani da idona da abin da aka gaya mini. A takardar nan abin da na gani kawai zan faɗa miki, kuma mafi yawansa kurakuraina ne. Wasu kin san su, wasu kuma kina ƙarama ko ba kya cikin hayyacinki aka yi su. Abin da nake tsoro ɗaya ne, bari in faɗe shi tun da wuri: kada son ɓoyewa ya kai ki ga barin magani, ko ya sa ki faɗi a tsakiyar mutanen da ba wanda ya san abin da zai yi miki.

Kina 'yar shekara goma sha ɗaya ciwon ya fara buge ki. Ina wurin aiki aka aiko a kira ni. Mamanki ta ce mini ta shiga ɗaki ɗauko gishiri, ta bar ki kina iza wuta, sai ta ji ƙara. Kin sandare, kin faɗi, hannunki na hagu a cikin murhu. Kafin in iso matan unguwa sun cika gidan, amma duk a jikin katanga suka tsaya, kowace ta rufe hancinta da mayafi, ta riƙe ɗanta gam. Ba mugunta ba ce. Haka suka tashi suka ji ana faɗa, cewa wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, shi ma ya ɗauka. Mamanki ita kaɗai ta janye ki. Na tarar da Iya tana barbaɗa toka a inda kumfar bakinki ta zuba.

Na ɗauke ki zuwa asibitin gari. Majo, ma'aikacin jinya, yana wanke ƙunar ya tambaye ni yadda aka yi. Na ce tuntuɓe kika yi, ya ɗaure hannun, muka tafi.

Ba rashin sani ne ya sa ni ba. Na riga na karanta, a littafi fiye da ɗaya, cewa farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, saƙonnin da ke gudana a cikinta ne suke rikicewa na ɗan lokaci, ba a ɗaukarta, kuma akwai maganin da yake tsayar da ita ga mutane da yawa. Da bakina na taɓa karanta irin wannan bayani a rediyo. Amma da abin ya shigo gidana sai na kama wani tunani dabam: me za a ce, wa zai bar 'yarsa ta zauna kusa da ke a lakwal, makarantar boko, wa zai zo neman aurenki wata rana. Sai na bi hanyar da ba a gani. Aka yi hayaƙi, aka yi jiƙe-jiƙe, aka kai ki wajen wani mutum a bayan Ollelewa da aka ce iskoki suna jin maganarsa. Shekara biyu muna wannan yawo, kina faɗuwa, har na cire ki daga lakwal. Addu'a kam ban raina ta ba, har gobe ina yi miki ita bayan kowace salla. Sai dai addu'a ba ta taɓa hana ni kai ki wajen likita ba. Kunya ce ta hana ni.

Ɓoyewar nan kuwa ba ta rufa miki asiri ba. Unguwa duk ta sani, masu kawo mana ruwa sun sani, abokan aikina sun sani suna yi mini kawaici. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne wanda zai iya taimakonki. Ki riƙe wannan, Uwata, don irin tunanin da na yi ne na ji a muryarki a cikin mota.

A cikin waɗannan shekarun ne aka ware miki kwano. Ba sai na kwatanta miki shi ba, farin kwanon nan mai kunne biyu. Iya ce ta ɗauko jan zare ta ɗaura a kunne ɗaya, ta ce daga yau nan za a riƙa zuba miki, ludayinki ma dabam. Na ce, "Iya, ba a ɗauka fa." Ta ce, "Kai ka haife ni ko ni na haife ka? Je ka gaya wa akwatin rediyonka, shi ne ba ya mayar maka da magana." Sai na bari aka ware shi. Na ce wa kaina uwa ce, ba a jayayya da ita, kuma kwano ne kawai. Haka na riƙa shigowa ina ganin 'yan'uwanki sun kewaye faranti ɗaya suna faɗa a kan nama, ke kina bakin ƙofa ke kaɗai da naki. Ba ki taɓa yin ƙorafi ba, ni kuma na ɗauki shirunki a matsayin yarda don ya fi mini sauƙi.

Mamanki ba ta yi musu da surukarta ba, ba ta da wannan bakin. Abin da ta yi shi ne, in kin gama ci sai ta jawo kwanon ta cinye sauran, ta suɗe shi tas, ta sha ruwa da ludayinki, a tsakar gida, a gaban kowa. Ranar farko Iya ta ce, "Ke 'yar nan, kina da hankali kuwa?" Ta ce, "Iya, abinci ne, ba a zubarwa." Kullum haka. Ni ina da bayanin da na karanta, ita kuma ta ci abincin. In za ki ɗauki halin ɗayanmu a wannan, ki ɗauki nata.

Haƙorinki na gefe da ya gutsure, ni ne. Wata rana ciwon ya tashi ina gida, na tuna ana cewa mutum yakan haɗiye harshensa, sai na ɗauko cokali na tura miki a baki da ƙarfi. Na ji ƙarar karyewar a hannuna. Daga baya likita ya gaya mini ba wanda yake haɗiye harshensa, cokalin ne haɗarin. Abin da ake yi kaɗan ne, ki haddace shi don ki koya wa wasu. A kawar da wuta da duk abin da zai ji wa mutum ciwo. A sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai. Kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, kada a ɗura masa ruwa, kada a yi masa hayaƙi. In jijjigar ta lafa a juya shi gefe guda don yawu ya fita, a zauna da shi har ya farfaɗo, a kori 'yan kallo. In abin ya wuce minti biyar, ko ya tsaya ya sake dawowa mutum bai farfaɗo ba, to wannan na asibiti ne, a nemi abin hawa nan take.

Ranar haƙorin nan ce Mamanki ta same ni a zaure ta ce, "Malam, gobe zan kai ta Damagaram. In za ka zo, ka zo." Na zo. Likita ya saurari labarin duka, ya yi gwaje-gwajensa, ya rubuta fenobarbital, ƙwaya ɗaya kullum bayan isha'i. Na dubi ƙanƙantar ƙwayar a tafin hannuna, na tuna yawon da muka sha, na ji kamar in yi kuka kamar in yi dariya. Faɗuwar ta riƙa raguwa, daga baya ta ɗauke. Kika koma lakwal, kika tarar 'yan ajinku sun wuce ki, kika bi su a guje.

Da na tsaya nan da ba ni da sauran abin faɗa. Amma sai na ɗauki kaina likita.

Malaminku ya aiko cewa kina gyangyaɗi a aji. Na duba, na ga an fi shekara ba ki faɗi ba. Mu kuwa mun saba da magani irin na zazzaɓi: a sha kwana kaɗan, a warke, a ajiye sauran a kan taga. Ba mu saba da maganin da lafiyayye yake sha don ya zauna lafiya ba. Iya tana cewa, "Yarinya ta warke, me za a yi ta ɗura mata?" Ni ma raina ya so haka. Na fara raba ƙwayar biyu da wuƙa, bayan ɗan lokaci na ce a bar ta ta huta. Mako bai cika ba ciwon ya dawo da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Ya sake ki ya sake kama ki, ba ki buɗe ido ba a tsakani. A bayan motar wani maƙwabci muka kai ki, kanki a cinyata. Ba zan tsawaita wannan ba. Allah ya bar mana ke.

Da kika dawo hayyacinki likita ya kira ni gefe. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Da ka zo ka ce mini tana barci, da na gyara awon. Aikina ke nan. Wannan magani in an yanke shi farat ɗaya, ciwon yakan dawo fiye da da." Ya gyara awon kuwa, gyangyaɗin ya ragu, kika ci jarrabawarki.

Saboda haka ki ji ni. Rashin faɗuwar nan taki ba shaida ba ce cewa ba kya bukatar maganin, shaida ce cewa yana aiki. Za a yi ranakun da za ki ji garau har ki ce me ya haɗa ni da ƙwayar nan. Ranar nan ce ta fi haɗari. In ƙwayar ta sa ki kasala ko jiri ko ƙuraje, ki faɗa wa likita, kada ki gyara da kanki. In kin manta wata rana, kada ki haɗa biyu washegari don ramuwa, ki bi abin da ya gaya miki. Mai yiwuwa nan gaba shi da kansa ya ga ya dace a rage a hankali har a daina, ana yin haka ga wasu. Amma wannan hukuncinsa ne, ba naki ba, ba nawa ba, ba na wata ƙawa da ta ce ƙanwarta ta daina ba abin da ya same ta ba.

Faɗuwarki ta ƙarshe ma da hannuna a ciki, kuma ita ce na fi so ki yi tunani a kai, don irinta tana jiran ki a can.

Kin san Buba, abokina na wajen Tenhiya da yake kiwon 'yan shanunmu. Damina ce, kina gida hutu. Ya zo da cuku da man shanu, ya kwana biyu a zaure. Ya ji Mamanki tana tuna miki magani, ya tambaye ni, na gaya masa gaskiya, don a lokacin na daina ɓoyewa. Sai ya ce ƙaramin ɗansa ma yana faɗuwa, har sun hana shi zuwa rijiya. Ya ce, "Aboki, abin da ya tsayar da taka zai tsayar da nawa. Sammini." Na ce ba haka ake yi ba, sai likita ya gan shi. Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan birni, shanunka nawa na yi wa magani ban tambaye ka takarda ba?"

Kin san yadda muke. Baƙo ya roƙe ka goro, ka ba shi. Ya ce kansa yana ciwo, ka shiga ɗaki ka ɗauko abin da kake da shi. A ce mutum ya riƙe maka dukiyarka shekaru, ya kwana a gidanka, ya roƙi magani don ɗansa ka hana shi? Na kasa hana shi. Na zazzage masa rabin abin da ya rage, na ce zan sayo wani.

Da naki ya ƙare na je farmasin gari, suka ce ya yanke, suna jiran kaya. Maimakon in hau mota zuwa Damagaram a ranar, sai na shiga kasuwa wajen masu tallar magani a faranti. Wani ya tono mini wasu ƙwayoyi daga ƙasan kayansa, rana ta cinye rubutun jikinsu, ya rantse mini su ne. Har yau ban san abin da na ba ki ba. Bayan 'yan kwanaki kika faɗi a bakin randa. Kafin mu gama da wannan sai ga saƙo daga Buba: yaronsa ya yi ta barci kamar ba zai tashi ba, sun tsorata. Awon babba na ba shi ya ba ƙaramin yaro. Da kyautata ɗaya na kusa cutar da yara biyu.

Ƙarshenta ya yi kyau, shi ya sa nake iya ba da labarin da sanyin rai. Na aika Buba ya kawo yaron, muka tafi Damagaram mu huɗu har da ke. Aka duba shi, aka ba shi nasa daidai jikinsa. Bana da suka zo ya yi tsawo har ya fi ubansa, shi ne yake kora garken. Buba har yanzu yana tsokanata, wai ni ne likitan da ya kusa kashe masa ɗa kyauta.

A ƙauye malamar lakwal ita ce mai karanta takarda, ita ce mai waya, ita ce ake zaton tana da magani. Ranar da aka san abin da kike sha, wata uwa za ta zo miki da yaro a goye da hawaye a ido. Ki ba ta tabarma, ki ba ta ruwa, ki saurare ta, ki gaya mata ciwon yana da magani, in ta kama ki raka ta wajen majo da ƙafarki. Amma ƙwayarki ko ɗaya kada ta fita. Ki ce, "Wannan an auna shi da jikina ne, zai iya cutar da naki." Za ta ji haushi kwana biyu, ya wuce. Ki ajiye maganin inda zafi ba ya kai masa, inda hannun yaro ba ya kaiwa. In ya rage na wata ɗaya, ki ɗauka ya ƙare, ki aiko ko ki zo. Kin ga hanyar garinku da idonki, ruwa ɗaya ya isa ya raba ku da Belbeji. Na faranti kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa.

Sauran abubuwan kin san su, in tuna miki ne kawai. Rijiyoyin ƙasar nan masu zurfi ne, kada ki tsaya a bakinsu jan guga, ki ba wani ya ɗebo miki, ba girman kai ba ne. Kada ki shiga tabki. In za ki yi girki, a ce da wani a gidan. Ki yi barci isasshe, ko da takardun yara sun taru, don rashin barci yana tayar da ciwon. In zazzaɓi ya kama ki kada ki zauna da shi, kuma duk wanda zai rubuta miki wani magani ki gaya masa wanda kike sha. Azumi kin saba, tun da maganinki na dare ne, barcin kawai za ki kiyaye. Akwai kuma maganar da ta fi dacewa da bakin Mamanki, amma zan taɓa ta a taƙaice. In Allah ya kawo wanda kika yarda da shi, ya ji daga bakinki kafin ya ji a gari. Kuma tun kafin a fara maganar haihuwa ku je wajen likita tare, don akwai abin da yake dubawa ya gyara. Masu irin ciwonki suna aure suna haihuwa lafiya. Abin da ba a yi shi ne mace ta ajiye magani a ɓoye don ta ga ciki.

Yanzu ga amsar maganarki ta mota.

Kina da gaskiya a rabi. Ba dole ba ne garin duka ya sani. Ba wanda yake binki bashin bayani, kuma kin cancanci a kira ki Malama Habsu, ba ƙari. Amma mutum biyu nake roƙon ki gaya wa. Na farko Gwaggo Cima, uwar masaukinki, wadda kika ce a waya ta ba ki ɗakin 'yarta kuma ba ta bari ki ci abinci ke kaɗai. Na biyu diraktan lakwal ɗinku. Ɗaya tana inda kike kwana, ɗaya yana inda kike wuni. Ina sa rai ba za su taɓa bukatar abin da za ki koya musu ba. Amma wadda take ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin katifa, tana jiran kowa ya kau da ido kafin ta haɗiya, wata rana za ta tsallake, don baƙi sun cika ɗakin ko don an yi tafiyar biki. Wadda aka sani kuwa, ko ta manta za a ce mata, "Malama, kin sha?"

Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki same ta ita kaɗai, bayan kun ci abinci, ki ce, "Gwaggo, ina da farfaɗiya. Ina shan magani kullum, na yi shekaru ban faɗi ba. Ba a ɗauka. In ta taɓa faruwa, ga abin da za ki yi." Ki faɗa da muryar da kike koyar da lissafi. Na lura mutane sukan karɓi labari da irin muryar da aka kawo musu shi. Ni ba zan kira kowa a bayanki ba, maganar taki ce.

Ba zan yi miki ƙarya ba, mai yiwuwa ta tsorata. Mai yiwuwa washegari ki ga an zuba miki naki dabam. Na san wannan ne kike gudu, kuma na san inda kika koyi gudunsa. Shi ya sa na bar wannan labarin ƙarshe.

Kwana biyu bayan tafiyarki, da hantsi, na fito na tarar da Iya a tabarmarta da kwanonki a gabanta. Kin san duk shekarun nan, ko da aka daina maganar, ba ta taɓa bari a kwance zaren ba, in ya tsufa ma sabo take ɗaurawa. Ta ce, "Lawali, miƙo mini reza." Na miƙa mata. Ta yanke zaren, ta jefa a murhu. Ta ce, "Shekara da shekaru ina kallon matarka tana suɗe kwanon nan. Ko mura ba ta yi ba, sai ƙiba." Mamanki daga madafa ta ce, "Iya, ina jin ki fa." Ta ce, "Don ki ji na faɗa." Sai ta sa aka dama fura a ciki, ta ɗaga da hannu biyu ta sha, ta goge baki, ta miƙo mini. "Sha mana. Ko kai ma tsoro kake ji, mai akwati?" Na sha. Ta ce, "Aika wa takwara. Ka ce ta ci da mutane."

Ba ta ce ta yi kuskure ba, ni ma ban jira ta ce ba. Tsohuwar da ta fi kowa taurin kai a unguwar nan ta sha fura a kwanonki, Uwata. In Gwaggo Cima ta tsorata, ki ba ta lokaci, ki ci gaba da shan maganinki a gabanta, ki tashi lafiya kowace safiya ki tafi aji. Ba za ta kai Iya daɗewa ba.

Direban da ke zuwa kasuwar Belbeji zai kawo miki wani ƙulli. Akwai maganin da na karɓo da takardar likitanki, akwai cuku daga Buba, kwanon kuma yana ƙasa, Mamanki ta naɗe shi da zane. Kada ki dawo da shi in kin zo hutu. Ki sa shi cikin kwanukan gidan, a zuba wa kowa, a wanke shi da sauran, har ranar da za ki neme shi ki kasa gane wanne ne.

Allah ya kiyaye ki daga wuta da ruwa da sharrin hanya, ya ƙara miki lafiya a kan lafiya, ya sanya albarka a maganin da a hannun da ya rubuta shi. Ya sa ki gama shekarar nan a tsaye, ya dawo mana da ke cikin aminci. Ki gaida Gwaggo Cima, ki ce mun gode da riƙo. In kin idar da isha'i yau, kin san abin da ya rage.

Mahaifinki,
Lawali